YADDA JAM'IYYA KE TSAI DA ƊAN TAKARAR MAJALISA A AMURKA

Tun 1979 Nijeriya ta ɗauki salon mulki na shugaba mai cikakken iko, tare da Majalisar Dattijai da Majalisar Wakilai, irin wanda ake bi a Amurka. Saboda haka yana da amfani jama'a su san yadda jam'iyyun waccan ƙasa ke fitar da mutumin da zai ja da ɗan majalisa mai ci. Mutane da yawa suna tsammanin zaɓe yana farawa ne ranar da aka fito da akwatuna. Alhali kuwa a ranar nan mai ƙuri'a ba ya zaɓen kowa sai cikin waɗanda jam'iyyu suka riga suka tsayar masa.

Kujerar da ake nema

Majalisar Wakilan Amurka tana da kujeru 435, waɗanda ake raba wa jihohi 50 gwargwadon yawan mutanensu bayan ƙidayar da ake yi kowace shekara goma. Bisa ƙidayar 2020, kowane wakili yana tsaya wa mutane wajen 761,000. Wa'adinsa shekara 2 ne kurum. Tsarin Mulki ya shar'anta cewa mai neman kujerar ya kai shekara 25 da haihuwa, ya shekara 7 yana ɗan ƙasa, ya kuma kasance mazaunin jihar da yake takara a cikinta.

Kayar da mai ci ba ƙaramin aiki ba ne. An riga an san sunansa, yana da ofis a mazaɓa, masu ba da gudummawar kuɗi kuma sun saba da shi. A galibin zaɓuka, fiye da 90 cikin 100 na wakilan da suka sake tsayawa suna komawa kujerunsu. Don haka jam'iyyar hamayya da ta yi sakaci wajen zaɓen gwaninta ta fāɗi tun kafin a shiga fage.

Aikin jam'iyya a unguwa da gunduma

Manyan jam'iyyu biyu ne, Dimokurat da Rifablikan. Kowacce tana da wakilai a ƙananan rumfunan zaɓe, da kwamiti na gunduma, da na jiha, sa'an nan na ƙasa. Yawancin 'yan waɗannan kwamitoci na ƙasa-ƙasa aikin sa kai suke yi, ba albashi. Su ne ke bi gida gida, su buga wa mutane waya, su kira taro inda masu neman takara za su zo su amsa tambayoyi a gaban jama'a.

Mai son tsayawa lalle ne ya cika sharuɗɗan jiharsa, watau ya tara sa hannun masu ƙuri'a, ko ya biya kuɗin rajista, ko duka biyu. Da zarar ya tara ko ya kashe fiye da dala 5,000, wajibi ne ya yi rajista da Hukumar Zaɓe ta Tarayya, wadda ta fara aiki a 1975, ya riƙa bayyana inda kuɗinsa ya fito da inda ya tafi. Kowa yana da ikon duba wannan lissafi.

Zaɓen share fage

A da can manyan jam'iyya ne ke ƙulle ɗaki su fito da suna. Da ƙorafi ya yi yawa, sai jihar Wisconsin, a zamanin Gwamna Robert La Follette, ta yi doka a 1903 cewa masu ƙuri'a da kansu za su fid da ɗan takara. Sauran jihohi suka bi sahu. Amma kowace jiha da tata ƙa'ida. A New York da Florida sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ke jefa ƙuri'a a zaɓenta. A wasu jihohi kowa yana iya shiga na jam'iyyar da ya ga dama. A Kalifoniya kuwa, tun 2012, ana haɗa 'yan takara duka a takarda guda, biyun da suka fi ƙuri'a su je babban zaɓe, ko da 'yan jam'iyya ɗaya ne.

A nan ne gardama ke tashi. 'Yan gani-kashe-nin jam'iyya sukan so wanda ya fi tsananta aƙidarsu. Masu hangen nesa kuwa sukan tambaya: shin wannan mutum zai iya jawo 'yan ba-ruwanmu a watan Nuwamba? Wanda ya fi farin jini a ɗakin taro ba lalle ne ya fi shi a kasuwa ba.

Abin da ya faru a mazaɓa ta 7 ta Virginia

Eric Cantor ya riƙe wannan kujera tun 2001, har ya zama shugaban masu rinjaye a Majalisar Wakilai. Sai dai mutanen gida suka fara gunagunin cewa ya tare a Washington ya manta da su. A watan Mayu na 2014, a taron jam'iyyar Rifablikan na mazaɓar, aka yi masa ihu, aka kuma kayar da na hannun damansa daga shugabancin jam'iyya. Wata guda bayan haka, wani malamin ilmin tattalin arziki mai suna Dave Brat ya kayar da shi a zaɓen share fage da ƙuri'a wajen 36,000, shi kuwa Cantor wajen 29,000. Cantor ya kashe fiye da dala miliyan 5, Brat kuwa abin da ya kashe bai wuce dala 200,000 ba.

Labarin bai tsaya nan ba. A 2018 'yan Dimokurat na mazaɓar, waɗanda suka shekara kusan 50 ba su taɓa kujerar ba, suka yi nasu zaɓen share fage, suka tsai da Abigail Spanberger, tsohuwar jami'ar leƙen asiri mai matsakaicin ra'ayi. Ta kayar da Brat da ƙuri'u kaɗan. Cikin shekara huɗu kujera ta canza hannu sau biyu, kuma sau biyun asalin abin daga cikin jam'iyya ya fito.

Abin lura ga 'yan Nijeriya

Majalisar Wakilan Nijeriya tana da kujeru 360, wa'adinta shekara 4, kuma a 2018 aka rage shekarun mai takara daga 30 zuwa 25. Tsarin Mulki na 1999 ya ce sai wanda jam'iyya ta tsayar zai yi takara, don haka nauyin da ke kan jam'iyya a nan ya fi na Amurka, inda mutum ke iya tsayawa da ƙafarsa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ambaci hanyoyi uku: 'yar tinƙe, inda kowane ɗan jam'iyya ke zaɓe, da zaɓe ta hannun wakilai, da sasantawa tsakanin masu nema, duka a gaban idon hukumar INEC.

Wasa da wannan mataki yana da tsada. A watan Mayu na 2019 Kotun Ƙoli ta soke nasarar jam'iyyar APC a Jihar Zamfara, tun daga kujerar gwamna har zuwa na majalisu, domin ba ta gudanar da halaltaccen zaɓen fid da gwani ba. Ƙuri'un da talakawa suka sha rana suka jefa mata duk suka tashi a banza.

Saboda haka ya kamata duk mai sha'awar wata jam'iyya ya yanki katinta, ya riƙa halartar taron mazaɓarsa, ya san su wane ne shugabanninta da yadda aka naɗa su. Ya binciki mai neman takara: mene ne sana'arsa, me ya taɓa yi wa garinsu, daga ina kuɗinsa ya fito? Wakilin da ya sayar da ƙuri'arsa a ranar fid da gwani ya sayar da bakin mazaɓarsa na shekara huɗu cur. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.