Ƙirgen Dangi A Shekara Bakwai: Balaga Ce Ko Larura?

Kwanakin baya wata 'yar'uwata ta same ni cikin damuwa, ta ce ɗiyarta 'yar aji biyu na firamare, wadda ba ta cika shekara bakwai ba, ta fara ƙirgen dangi. Abin da ya ƙara tayar mata da hankali shi ne maganganun matan unguwa. Wasu sun ce yarinyar ta balaga, wasu sun ce idonta ne ya buɗe, wata tsohuwa kuma ta ɗora laifin a kan iskoki. Babu wadda ta ce a kai ta asibiti.

A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar "balaga" ce ta tsaya mini a rai. Daga Larabci muka aro ta, inda tushenta ke nufin isa ko kaiwa. Da zarar Bahaushe ya ce yarinya ta balaga, to ya haɗa jikinta da hankalinta ya ɗaure da igiya ɗaya, daga nan sai a fara yi mata kallon budurwa, a hana ta wasa da sa'o'inta, wani lokaci ma a soma zancen cire ta daga makaranta. Alhali kuwa jikin ne kaɗai ya yi gaggawa, hankalin na nan na 'yar shekara bakwai.

Likitoci sun bayyana cewa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake da ake kira fituwitari, wadda idan ƙwaƙwalwa ta ba ta umarni take aika sinadaran homon ta cikin jini zuwa ma'ajiyar ƙwan mace ko marainan namiji. Bisa al'ada wannan aiki kan fara ne tsakanin shekara 8 zuwa 13 ga mata, da 9 zuwa 14 ga maza. Duk alamar da ta bayyana kafin shekara 8 ga mace, ko 9 ga namiji, larura ce da ke buƙatar bincike. Ta fi yawa ga mata, amma idan ta sami namiji an fi tsoron a tarar da wani ciwo a ƙwaƙwalwarsa.

Mai karatu, lamarin ya game duniya. Wani nazari da aka buga a mujallar JAMA Pediatrics a 2020 ya nuna cewa daga 1977 zuwa 2013, shekarun fara ƙirgen dangi sun riƙa raguwa da kimanin wata uku a kowace shekara goma. A shekarar ta 2020 kuma, lokacin kullen korona, likitocin yara a birnin Fulorens na Italiya sun ba da rahoton ƙaruwar 'yan matan da ake kawo musu da wannan larura. Masana sun fi karkata ga ƙiba, da rashin motsa jiki, da yawan kallon waya, da ƙarancin barci, da damuwa.

Su ma cututtuka suna da nasu kaso. Sanƙarau, da kumburin ƙwaƙwalwa wanda ƙwayar bairas irin ta ƙyanda kan haddasa, suna iya taɓa mazaunin wannan umarni, a ga alamun balaga kafin lokaci. Hangum kuwa, wanda muke rainawa, yakan kumbura marainan yaron da ya riga ya balaga.

Illar sakaci ita ce yarinyar za ta zarce sa'o'inta tsawo na ɗan lokaci, sannan ƙasusuwanta su daina girma da wuri, ta ƙare gajera, ga kunya da tsangwama, ga idon miyagun maza. Amma akwai magani. Likita zai ɗauki hoton ƙashin hannu, ya auna jini, idan da buƙata ya rubuta allurar da ake yi duk wata ko duk wata uku, wadda ke dakatar da lamarin har lokacinsa ya yi.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ina kira ga iyaye da malaman makaranta, kafin mu ce yarinya ta balaga, mu fara ƙirga shekarunta. In ba su kai takwas ba, a nufi asibiti wajen likitan yara. Allah Ya raya mana zuriya.