Koyar da Tafiyar Zafi a Ƙaramar Sakandare: Misali daga Gayam

Daga cikin darussan kimiyya da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya ta tanadar wa ƙaramar sakandare akwai tafiyar zafi, wato yadda zafi ke barin abu mai ɗumi ya koma wanda bai kai shi ɗumi ba, har ɗuminsu ya daidaita. Masanin nan na Jamus, Rudolf Clausius, ya bayyana a shekarar 1850 cewa zafi ba ya komawa da kansa daga abu mai sanyi zuwa mai ɗumi, kamar yadda ruwa ba ya hawa tudu sai an tura shi. A mazaɓar Gayam ta ƙaramar hukumar Birnin Gwari, inda rashin tsaro ya daɗe yana katse karatun yara, ana iya koyar da wannan darasi ba tare da ɗakin gwaji ba, domin kayan aikinsa suna cikin kowane gida.

Babbar matsalar malami ita ce ɗalibai suna zuwa aji da nasu tunanin, wanda ya riga ya kafu. Da yawansu suna ɗauka cewa sanyi wani abu ne da ke tafiya, cewa bargo shi ke samar da ɗumi, kuma cewa ƙarfe ya fi itace sanyi. Idan malami ya ajiye muciya da cokalin ƙarfe a ɗaki ɗaya da safiyar hunturu, duk wanda ya taɓa su zai ce cokalin ya fi sanyi, alhali ma'aunin zafi zai nuna ɗuminsu ɗaya ne, sai dai ƙarfe yana janye zafin hannu da sauri fiye da itace. Haka kuma idan aka naɗe ƙanƙara a bargo aka bar wata a fili, ta cikin bargon ce za ta jima ba ta narke ba, domin aikin bargo shi ne tare zafi, ko daga ciki ko daga waje.

Bayan an gyara wannan fahimta sai a shiga hanyoyi uku da zafi ke bi, waɗanda duk suna aiki a murhu ɗaya. Ta farko ita ce ratsawa, inda zafi ke wucewa daga wani sashe na abu zuwa na kusa da shi ba tare da abin ya motsa ba, kamar yadda yake ratsa gindin tukunya. Ta biyu ita ce kewayawa, wadda ke faruwa a ruwa da iska: ruwan ƙasan tukunya yana ɗumama ya rage nauyi ya taso, na sama ya sauka ya maye gurbinsa, kuma ɗan garin masara da aka barbaɗa yana nuna wannan juyi ƙarara. Ta uku ita ce haskakawa, wadda ba ta buƙatar komai a tsakani, kuma ta ita ce zafin garwashi ke isa fuskar mai jin ɗumi, na rana kuma ke gasa rufin kwano.

Dajin Kamuku da ke yankin Birnin Gwari, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, yana ba da wani misalin, domin ganyen doka da kaɗanya suna tare hasken rana, suna kuma fitar da ruwa wanda ke ɗauke zafi yayin da yake zama tururi. Wannan ne sirrin randa, kuma a kansa Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya gina dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Ya kamata malami ya sa ɗalibai su faɗi hasashensu kafin kowane gwaji. Idan za a gauraya kofi ɗaya na ruwa mai digiri 60 da kofi ɗaya mai digiri 20, wasu za su ce 80 za a samu, sai ma'auni ya nuna kusan 40, kuma wannan saɓanin ne ke tilasta musu sake tunani. Ana gane ɗalibi ya fahimci darasin idan aka kawo masa misalin da bai taɓa gani a aji ba, ya iya faɗin inda zafin ya fito, inda ya nufa, da hanyar da ya bi.