3.4 Ciwon Tsakanin Yatsun Kare da Hanyar Magance Shi a Ƙasar Taura

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan wani ciwo da ke kama dagin kare, wato tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa. Taura ƙaramar hukuma ce a masarautar Ringim ta Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Ƙasa ce mai fadamu, domin kogin Haɗeja ya ratsa yankin. A nan mafarauta da makiyaya da manoma ne suka fi riƙe kare, kuma Musulunci ya halatta riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Sai dai da yake Bahaushe bai saba shafa jikin kare ba, ba a cika lura da ciwon ba sai karen ya fara ɗingishi.

3.4.1 Musabbabin Ciwon

Abin da ke haddasa ciwon wata ƙwayar yis ce da masana ke kira Malassezia pachydermatis, wadda aka fara ganowa a jikin karkanda a 1925. Dangi ɗaya suke da ƙwayar da ke kawo wa mutum ƙyasbi. Tana zaune ne a fatar lafiyayyen kare ba tare da ta cutar da shi ba, sai ta sami laima da ɗumi da maiƙo sannan take hayayyafa. Wannan ne ya sa damina, daga watan Yuni zuwa Satumba, ta fi zame mata lokacin yaɗuwa, sa'ad da kare ke wuni cikin taɓo da jiƙaƙƙiyar ciyawa. Haka kuma cizon ƙuma da ƙazuwa da borin jini kan raunana fata su buɗe mata ƙofa.

3.4.2 Alamominsa

Alama ta farko ita ce yawan lasa da gaigayar dagi. Idan aka buɗa yatsun za a tarar fatar ta yi ja, tana maiƙo, tana kuma wani wari mai tsami, gindin farce ya yi dauɗa ja-ja. In ciwon ya daɗe, gashin wurin kan zube, fata ta yi kauri ta yi baƙi. Ya kamata a bambanta shi da sukar ƙarangiya ko tsidau, wadda kan zo farat ɗaya a ƙafa guda. Shi wannan a hankali yake zuwa, kuma yakan kama ƙafa fiye da ɗaya.

3.4.3 Maganin Gargajiya

Daga cikin abubuwan da Hausawa suka saba wanke ciwo da su akwai ruwan dafaffiyar bagaruwa da na ganyen darbejiya da ruwan gishiri. Bagaruwa, wadda majema ke jima da ita, tana da bauri mai tsane fata, saboda haka takan rage damshin wurin, ko da yake ba ta isa ta raba kare da ciwon da ya yi nisa ba. Inda ake yin kuskure shi ne shafa man shanu ko man kaɗe, domin ita wannan ƙwaya maiƙo take so. Mafi muni kuma shi ne zuba baƙin mai ko kananzir, waɗanda ke ƙona fata, kuma kare kan lashe su su zame masa guba.

3.4.4 Maganin Asibiti

Likitan dabbobi kan ɗebi ɗan maiƙon wurin ya duba a madubin likita don ya tabbatar da ƙwayar. Daga nan sai a aske gashin tsakanin yatsu, a wanke da sabulun ruwa mai ɗauke da kulohekzidin da mikonazol, kowanne kashi 2 cikin 100. Akan bar kumfar ta yi minti 10 kafin a ɗauraye, a kuma goge da busasshen ƙyalle har lungun yatsu. Ana yin haka sau 2 a mako har tsawon mako 3 zuwa 4. In ciwon ya yi tsanani, likita kan ƙara da ƙwayar ketokonazol gwargwadon nauyin karen. Ba a ba shi ita da ka, domin tana iya taɓa hanta. Dole ne kuma a yi maganin ƙuma ko ƙazuwar da ta buɗe ƙofa, in ba haka ba ciwon zai dawo.

Idan aka dubi hanyoyin nan biyu, za a ga cewa duk a kan abu ɗaya suka dogara, wato bushewar dagi. Don haka makwancin kare ya kamata ya zama a tudu, kuma a riƙa duba ƙafarsa in ya dawo daga fadama. Da damina mafarauci na gona, ba ya waiwayar karensa sai kaka ta wuce an fara shirin shiga daji, alhali a lokacin ciwon ya riga ya yi kanta. Hausawa kuwa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.