Tarkacen kiwo da yara za su yi wasa da shi, da wanda bai kamata su taɓa ba



Yawancinmu a nan Tsanyawa cikin gida muke kiwon nan, ba a wata gona can bayan gari ba. Akurki ko kejin kaji yana gefen tsakar gida, tankin tarwaɗa yana bayan ɗaki, yara kuma suna nan suna zagaye. Yaro ɗan shekara 4 in ya ga 'yan tsaki, wallahi ko bulala ba ta hana shi. Zai matse ɗan tsako har ya mutu, zai shiga da takalmin da ya yi yawo da shi a unguwa, ya fito ya sa hannu a baki. Shi ya sa ni ba na tsayawa kan tsawa kawai. Aikin hannu nake ba su, daga abin da kiwon da gona suka bari, ba tare da na kashe ko sisi ba.

Na fi son kara. Bayan kaka karan dawa ko'ina ne, kuma mu da muka tashi a ƙauye mun san motar kara da tabarau. Ka feƙe musu ɓawon da kanka don yana yanka hannu, ka ba su totuwar su soka. Maimakon mota, ka ce su gina maka kejin kaji, da ƙofa da wurin abinci da wurin ruwa. Sai su ɗebo yumɓu su mulmula kajin da ƙwai, a shanya a inuwa don kada su tsage. Yaro ya samu nasa garken, ya ƙyale maka naka. Nan ne ma zan tambaye shi, to ina tagar da iska za ta shiga? Ka ga ya fara koyon kiwo bai sani ba.

Launi ba sai an saya ba. Jiƙaƙƙen zoɓo ya ba da ja, gawayi baƙi, farar ƙasa fari, bular wanki shuɗi. Abin liƙi kuwa ƙaro ne, wanda almajirai ke sa wa tawada, ko a dama sitacin rogo da ruwan zafi a bari ya huce.

Akwai wanda ya fi min amfani duka. A samu kwali mai faɗi, babban cikinsu ya ja gida 42, wato sati 6 na kajin nama. Ranakun rigakafin Gumboro da Lasota da likitan dabbobi ya rubuta maka, a shafa musu jan zoɓo. Kullum da safe yaro ɗaya ya soke gida ɗaya. Kai za ka iya mantawa saboda hidima, amma yaron da ya zana abin da hannunsa ba zai bar ka ka sha koko ba sai ya ce Baba yau ja ne. Masu kajin ƙwai su yi gida 30 kamar kiret, a riƙa ɗiga gawayi a kan kowane ƙwan da aka kwasa.

Masu kifi, a yanka kifaye na kwali, a maƙala wa kowanne zoben zare, a yi ƙugiya da ɗan reshe a ɗaure jikin kara, su yi ta kamu a kan tabarma. Amma fa wasan ba ya maye gurbin murfi ko shinge a tanki. Ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro, kuma ba a jin ihunsa.

Yanzu ga inda nake so a natsu. Ba kowane tarkace ake miƙa wa yaro ba. Kiret ɗin takarda da ya je kasuwa ya dawo ba ka san gonakin da ya ratsa ba, kuma ba ya wankuwa. Yana cikin hanyoyin da cuta ke bi daga gona zuwa gona. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ake jan kunnen masu kiwo kan irin wannan. Gashin kazar da ta mutu ko wadda ba ta da lafiya, a binne shi tare da ita. Kwalbar rigakafi, sirinji, robar maganin feshi da ledar maganin ɓera, waɗannan ko kusa. Na kan ga yara na fesa wa juna ruwa da tsohon sirinji a unguwa, abin yana tayar min da hankali.

Ɓawon ƙwai yana kyau in an farfasa an liƙa shi a kan zanen kaza, sai dai a tafasa shi kamar minti 10 tukuna a shanya, saboda ƙwayar cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi. Buhun abinci ma a wanke da sabulu ya sha rana kafin a shimfiɗa musu su zauna a kai. Wurin wasan ya zama nesa da keji, kuma a ajiye buta da sabulu a nan kusa, kowa ya wanke hannu kafin a zuba abinci.