Yawon shaƙatawa cikin jirgin ruwa: ba kowane yaro ake ɗauka ba

Ƙasar Nijar ba ta da teku. In an ce jirgin ruwa, abin da ke faɗo wa ɗan kasuwa a rai shi ne kwantena da takardun duwan a tashar Kwatano ko ta Lome. Amma akwai wasu jirage waɗanda ba kaya suke ɗauka ba. Manyan otel ne masu tafiya bisa ruwa, inda mutum zai kama ɗaki ya yi mako guda ko biyu ana zagayawa da shi gari-gari. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a, CLIA, ta ƙidaya fasinja miliyon 31 da dubu 700 a shekarar 2023. Duk wanda fatauci ko aiki ke kai shi Marsai, Istambul ko Dubai, wata rana zai ci karo da tallar irin wannan tafiya, ya yi sha'awar kai iyalinsa lokacin hutun lakwal. Kafin ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya san ƙa'idodin da aka ɗora bisa yara, domin a bakin jirgi ake binciken su, kuma wanda aka mayar daga nan galibi ba a mayar masa da kuɗinsa.

Wata 6, shekara 1, mako 24

Manyan kamfanoni irin su Royal Caribbean, Carnival da Disney ba su karɓar jinjirin da bai cika wata 6 ba. Ranar hawa jirgi ake lissafi da ita, ba ranar sayen tikiti ba. In tafiyar ta ƙetare tekun Atlantika ce, ko ta zuwa tsibiran Hawai, sai yaro ya cika shekara 1. Royal Caribbean ya ɗora wannan sharaɗi har ga duk tafiyar da jirgi zai yi kwana 3 ko fiye a jere bai tsaya wata tasha ba. Mace mai ciki ma tana da iyaka: in za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, ba za a ɗauke ta ba.

Dalilin waɗannan ƙa'idodi shi ne nisan asibiti. Kowane babban jirgi yana da likita da masu jinya, amma ba ya da kayan kula da jaririn da aka haifa bakwaini, ko wanda numfashinsa ya sarƙe. Kusa da gaɓa ana iya kiran jirgi mai saukar ungulu ya ɗauki maras lafiya. A tsakiyar teku kuwa, sai dai jirgin ya juya ya nufi tudu, tafiyar da kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu. Zawo da amai, waɗanda ke saurin yaɗuwa inda dubban mutane ke cin abinci wuri guda, babba yakan jure su, amma suna iya ƙarar da ruwan jikin jinjiri cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma kamfanonin da ba su ɗaukar yara sam. Viking da Virgin Voyages sai mai shekara 18 ko fiye, Saga ta Ingila kuwa don masu shekara 50 ko fiye aka yi ta.

Jinjiri ma fasinja ne

A mota uwa takan rungume goyonta ba a ƙidaya shi ba. A jirgin ruwa kowane rai yana da gurbi cikin jiragen ceto, saboda haka jinjiri fasinja ne cikakke, dole sunansa ya shiga lissafi. Yawancin ɗakuna mutum 2 zuwa 4 suke ɗauka. Magidanci mai ƴaƴa biyar ko shida sai ya kama ɗaki biyu ko uku, kuma ba a yarda a bar ƙananan yara su kaɗai a ɗakin da ke nesa da na manya. Ɗakuna masu ƙofa a tsakani kaɗan ne, su ake fara kamawa. Wasu kamfanonin Turai, kamar MSC da Costa, sukan yi rangwame a wasu lokuta, yaron da ke kwana ɗakin manya biyu ya biya harajin tasha da ƴan kuɗaɗen hidima kawai. A wasu kamfanonin kuma kuɗinsa ɗaya ne da na kowane fasinja na uku.

Sai maganar takardu. Kowane yaro da fasfo nasa. Mai fasfon Nijar da zai zagaya Bahar Rum yana bukatar bizar Shengen, in kuma jirgin zai tsaya Tunis sannan ya koma Italiya ko Faransa, a nemi mai shiga sau da yawa. Wanda zai tafi da ɗan riƙo ko ɗan ɗan'uwa, ko uwa da za ta tafi ba tare da mahaifin yaro ba, su riƙe takardar izini daga uwayen, mai tambarin hukuma, tare da takardar haihuwa.

Abin da aka tanadar wa yara

Manyan jirage suna da zauren yara, inda ma'aikata ke kula da su rukuni-rukuni bisa shekaru, galibi kyauta da rana. Yawanci daga shekara 3 ake karɓa, da sharaɗin yaro ya iya zuwa bayi da kansa. Carnival yana karɓa daga shekara 2. Ga ƴan wata 6 zuwa shekara 3, jiragen Disney da wasu na Royal Caribbean suna da ɗakin reno, amma na biya ne awa-awa, guraben kuma ba yawa. Gadon jinjiri ana ba da shi in an nema tun wajen kama ɗaki. Madarar gwangwani, ƙunzugu da maganin zazzaɓi, gara uwa ta zo da nata, don shagon jirgi ba lalle ya kasance da su ba. A tambayi harshen da masu renon ke ji, domin a jiragen Amurka Turanci ne ya fi yawa, ɗan lakwal mai jin Faransanci zai fi sakewa a jiragen da ke tashi daga Marsai.

Yaro mai ƙunzugu ba ya shiga tafkin wanka, saboda dokar tsabta. Wasu jiragen sun yi wa irinsu ɗan filin fesa ruwa daban. Disney ya sa masu tsaron tafki a shekarar 2013, Royal Caribbean a 2017, amma ba kowane jirgi ke da su ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne: yaro a bakin tafki ko a barandar ɗaki, idon uwayensa ne tsaronsa.

Darasin Costa Concordia

Ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, da mutum fiye da 4200 a ciki. Mutum 32 suka rasu, cikinsu har da yarinya ƴar shekara 5. Ɗaruruwan fasinjan da suka hau a ranar ba a riga an nuna masu inda za su taru in hatsari ya auku ba. Daga shekarar 2015 dokar ƙasa da ƙasa ta tilasta a yi wannan gwaji kafin jirgi ya tashi, ko da zarar ya tashi. Kamfanoni da dama suna ɗaura wa ƙananan yara abin hannu mai alamar wurin taronsu, don in ƙararrawa ta kaɗa suna zauren yara, ma'aikata su kai su can. Mai jinjiri ya nemi rigar ceto daidai jikinsa tun ranar farko, ta manya ba ta yi masa.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami, a miƙa wa mai sayar da tikiti ranar haihuwar kowane yaro, da watannin cikin uwargida in tana da shi, a nemi amsa a rubuce kan shekarun da ake karɓa, yawan mutanen ɗaki, takardun da ake bukata, da abin da za a mayar in an fasa. Ƙa'idodin sukan sauya daga shekara zuwa shekara, kuma abin da ke rubuce cikin yarjejeniyar tikiti shi ma'aikacin bakin jirgi zai bi.