Taswirar Waya: Karatun da Tsohon Babur ke Bukata a Zariya

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Samaru, ya ratsa Palladan da Kwangila zuwa Sabon Gari bayan sallar isha'i, ya san fargabar haɗuwa da babur marar fitila. Ba ka ankara da shi sai ya zo dab da kai. Cikin irin waɗannan akwai tsofaffin Honda da Yamaha da Suzuki na shekarun 1970 da 1980, waɗanda injinsu na nan da ƙarfinsa, wayoyinsu ne suka gaji.

Idan fitila ta mutu, gyaran da aka saba gani shi ne a jawo sabuwar waya daga batir kai tsaye, a naɗe da salatif, a sallami mai babur. Fitila za ta kama, amma an tsallake fiyus, wanda shi ne mai gadin da ke yanke wuta kafin waya ta ƙone. An yi maganin yau, an sayo gobarar gobe.

Alhali kamfanonin nan sun zana taswirar wayoyin kowane samfuri a littafin gyaransa, kuma karanta ta bai kai wahalar da ake zato ba. Wuta kan taso daga batir ko kwayil, ta bi makulli da makunnin hannu, ta shiga ƙwan fitila, sannan ta koma ta jikin ƙarfen babur. Mai bincike sai ya ɗora yatsa kan ƙwan a taswira, ya bi layin da baya, yana gwada kowace mahaɗa da ɗan ƙwan gwaji. Inda haske ya ɗauke, nan cutar take. Sau da yawa ma tsatsa ce ta cinye mahaɗar da wuta ke komawa ta jikin ƙarfe, shi ya sa za ka ga danja na lumshewa duk lokacin da aka kunna sigina.

Launin waya kuwa harshe ne, kuma kowane kamfani da nasa. A Honda, koriya ce ke komar da wuta jikin ƙarfe, baƙa na ɗauke da wuta bayan an murɗa makulli, shuɗiya ta dogon haske ce, fara ta gajere. A Yamaha, baƙa ce mai komarwa, koriya kuma ta gajeren haske ce. Yaron da ya koyi aiki a kan Yamaha, ya haɗa baƙar wayar Honda da ƙarfe bisa sabo, ya gama da fiyus nan take.

Akwai kuma batun ƙarfin wuta. Yawancin ƙananan babura na wancan zamani volt 6 ne, na yanzu kuwa 12. Ƙwan zamani a tsohon babur haskensa bai wuce na aci-bal-bal ba. A waɗanda fitilarsu ke shan wuta kai tsaye daga kwayil, idan ƙwan gaba ya mutu, wutar kan yi wa na baya yawa, shi ma ya bi sahu.

Abin takaici, ilimin ya rabu gida biyu. Bakaniken Sabon Gari na da hannu da gogewa, amma taswirar da Turanci take. Ɗalibin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli yana karanta ta, amma wataƙila bai taɓa kwance fitilar babur ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da ɗalibai za su fassara taswirar samfura uku ko huɗu zuwa Hausa, su buga ta da launi, a manna a garejoji, da aikin hutu guda ya tsare rayuka. Kafin nan, mai babur ya riƙa tambayar bakanikensa: an gano inda wutar ta yanke, ko tsallake wurin aka yi?