Kallon dare a New Bell: fim a tele, kyanwa a gefen tabarma

Abu biyu ne da wuya ka rasa a gidan Bahaushe a New Bell bayan sallar isha'i: ana kallon wani shiri mai dogon zango daga Kano, sannan ga kyanwa tana ratsa ƙafafun masu kallo. Shirin kowa na maganarsa, washegari har musu ake yi a teburin mai shayi. Ita kuwa kyanwar ba mai tuna ta sai ranar da ɓera ya huda buhun shinkafa. Sai dai duk wanda ya daɗe yana kallo zai lura cewa gidajen da ake nuna mana a fim kusan ba su da kyanwa. In ma ta fito, to ba da alheri ta zo ba.

Daga silima zuwa waya

New Bell unguwar baƙi ce tun fil azal. Ta kafu ne a wajajen 1914, lokacin da Jamusawa suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agustan shekarar. A zamanin Faransa ta cika da fatake da 'yan ci-rani, har wani sashe nata ya amsa sunan Hausawa. Kakanni sun zo da fatauci. Jikoki yanzu da Faransanci suke karatu a lekol, da buroka suke ciniki a kasuwa, Hausa ta koma tsakar gida da masallaci.

Shi ya sa kallon dare yake da muhimmanci a wurinmu. Silimar Le Wouri da ke Akwa ta rufe a Janairun 2009, dama kuma ba fim ɗin Hausa ake zuwa gani can ba. Namu a kaset ya fara zuwa, ya koma faifai, aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, daga baya YouTube ya sa komai a tafin hannu. Agogonmu ɗaya da na Kano, don haka lokacin da ake ihu a Fagge ana yi a New Bell. Ga yaron da aka haifa a nan, wannan awa ɗayar ita ce mafi tsawon Hausar da zai ji a jere a yini. Abin da ya gani a ciki yana zama masa.

Yadda nake ganin shirye-shiryen

Daɗin Kowa shi ne ya fi kama da mu. Gidan haya, bashi, mai shayi, kishiya, almajiri, maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba: duk wanda ya zauna a New Bell ya san wannan zaman. Ba mamaki da ya ci kyautar AMVCA a 2016. Aibinsa guda, ya yi tsawon da in ka yi tafiyar wata uku ka dawo, za ka tarar Kamaye da Adama suna nan inda ka bar su.

Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, ya fi kowa iya ɗaukar hoto da iya yanke shiri a daidai inda ranka zai ɓaci. Zangunan farko, na Sumayya da Mahmud da Presido, sun raba gidaje biyu: iyaye mata na bayan talaka mai haƙuri, 'yanmata na cewa a bar yarinya ta huta da wahala. A ganina Rabi'u Rikadawa ne ya riƙe shirin. Baba Ɗan Audu mutum ne da kowace unguwa take da irinsa, ga baki ga rashin kunya, kana jin haushinsa kana dariya.

Izzar So na Lawan Ahmad shi ne na iyaye. Ana son Umar Hashim don ladabi da riƙon addini, har za ka ji uwa na ce wa ɗanta, "Kai dai ka ga ɗan mutane." Ni dai nasihar takan yi mini yawa, wani lokaci sai ka rantse wa'azi ka kunna. Kwana Casa'in kuma, da ya zo a 2019, na maza ne masu son siyasa. Alfawa gari ne na ƙage, amma ba a taɓa rasa wanda zai ce ya gane Bawa Maikada ba. Fina-finan Indiya na fassarar Algaita su ne na yara da samari, daga nan suke kwaso kalaman da in sun faɗa kakarsu sai ta tambayi ma'ana.

Mai gadin da ba a biya

Waɗannan shirye-shirye suna cike da falo mai kujerun alfarma ko tsakar gida mai turmi da kaji. Kyanwa ce babu. A wurinmu kuwa gida ba ya yiwuwa sai da ita. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara yana haura milimita 3,500, mafi yawansa tsakanin Yuni da Oktoba. In kwatoci suka cika, ɓeraye da gafiyoyi cikin ɗakuna suke yo hijira, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi. Gidajen katako da na bulo manne da juna, ga kasuwa kusa, ga shagunan hatsi da kifi banda. Ɓera ba abinci kaɗai yake ɓatawa ba: yana cin wayar wuta, fitsarinsa a ruwan ambaliya yana sa cuta.

Tamu kyanwar ba ta da suna, kamar yawancin na unguwa. "Mus-mus" ake ce mata ta zo. Da rana mage ce mai kwanciyar ɗaukar rai, ka ce kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi. Da an kunna tele sai ta haye bayan akwatin don ɗumi, jelarta na lilo a fuskar jarumi. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, kowa na tsaki, ita lokacin aikinta ya fara. Tun da ta zo ba mu sake ɗinke buhu ba.

In ta fito a fim

Inda aka fi ganin kyanwa a fina-finanmu shi ne wajen boka. Baƙa ce, idonta na ƙyalli, ana kiɗan tsoro, ko dai aljana ce ko mayya ta rikiɗa. Wannan camfi ya girmi fim, amma fim ya ba shi hoto. Sakamakon a lungu ake ganinsa: yara su bi baƙar mage da jifa, babba na kallo bai ce uffan ba. Wasu gidajen in ta haihu sai a zuba 'ya'yan a kwali a kai bola tun ido bai buɗe ba.

Alhali abin da malamai ke karantarwa a zaure daban ne. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Ƙatada da ke nuna kyanwa ba najasa ba ce, ana alwala da ragowar ruwan da ta sha, domin tana cikin masu kai-kawo a gida. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira, laƙabinsa ma daga 'yar kyanwa ya samo shi. Yaro yana jin wannan sau ɗaya a islamiyya, yana ganin wancan sau goma a waya.

Haƙƙinta a kanmu

Riƙon kyanwa ba ya cin kuɗi, kula yake so. Kan kifi da ragowar tuwo suna isar ta, amma a guji ba ta abin da albasa ko tafarnuwa suka yi yawa, suna lalata mata jini. Madara tana sa da yawansu zawo. Kada a kuskura a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Mai kyanwa ya bar sa maganin ɓera, domin in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wanda ba zai iya da 'ya'yan ba ya nemi likitan dabbobi a yi mata aikin hana haihuwa, ko ya bari su yi wata biyu ya raba wa masu shaguna, suna so.

Sai allurar cutar haukan kare, wadda kyanwa ma tana ɗauka. In ta ciji yaro ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka.

Ga marubutan Kano kuma, masu kallonku na bakin teku suna da roƙo ɗaya. Kun nuna mana attajiri da almajiri, gwamna da ɗan daba. A zango na gaba a sa wata tsohuwa tana ajiye wa magenta kan kifi a murfin kwano, a bar kyamara ta tsaya a kai ko na daƙiƙa biyar ne. Yaranmu a New Bell suna kallo, kuma suna kwaikwayo.